Gwiwar Madu Mai Wankin Hula

A unguwar Shehuri ta Maiduguri, idan ka ce kana neman Madu, za a tambaye ka wanne, don Madu a unguwar sun fi a ƙirga. Idan ka ce mai wankin hula, za a rage maka su zuwa uku. Sai ka ce wanda ya je Legas ya yi gudu ba tare da an kore shi ba, sannan a nuna maka rumfar da ke bayan masallaci, inda huluna suke jere a rana bisa kawunan katako. Mai rumfar dogo ne siriri, shekararsa arba'in da shida, da tsagar Barebari a kumatu, da fuskar da ba ta nuna ko yana jin daɗi ko ba ya ji. Lambar yabon da ya samo a Legas tana rataye a ƙusa ɗaya da buroshin wanki. In ka tambaye shi labarin gudun, zai ce maka an yi, an gama, ya zo na ɗari bakwai da wani abu. Ba shi da abin da zai ƙara, kuma gaskiya labarin ba a Legas yake ba.

A unguwar Abbaganaram aka haife shi. Yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya rasu, sai aminin mahaifin, Goni Yunus, ya je ya kamo hannunsa ya kawo shi gidansa a Shehuri, ya haɗa shi da 'ya'yan cikinsa, kwano ɗaya, tabarma ɗaya. Karatu bai zauna a kan Madu sosai ba. Goni ya gwada shi shekara bakwai, ya ga abin da zai shiga ya riga ya shiga, sai ya kai shi wurin wani mai wankin hula ya ce a koya masa. Goni ne ya nema masa auren Falmata, shi ya raɗa wa 'yarsu ta fari suna Hindu. Tun ranar da Madu ya bar gidan ya kama nasa, bai taɓa fasa zuwa gaida tsohon da safe ba. Ko a shekarun dokar hana fita, da zarar an saki gari, ƙofar Goni yake fara zuwa kafin ya je neman ruwa ko gawayi.

Gaisuwar tana da tsarinta. Goni yana zaune a kan buzu a ƙofar gida, bayansa jingine da bango, carbi a hannu. Madu zai cire takalmi tun daga nesa, ya matso, ya durƙusa har gwiwoyinsa su zo kusa da haɓa, ya sunkuyar da kai yana tafa hannu a hankali, ya gaishe shi da Barbarci.

"Wushe, Baba Goni. Nda watu?"

"Kalewa, Madu."

Daga nan a bi gida, a bi yara, a bi gajiya, a bi zafi, a bi kasuwa, a sake dawowa kan gida ko an manta wani. A ƙarshe tsohon ya miƙo hannu ya ɗora a kan Madu ya sa masa albarka. Shekara shida ke nan da idanun Goni suka rufe, amma hannun bai taɓa lalube ba, don kan yana inda ya saba samunsa.

Gudu kuwa ba Madu ne ya neme shi ba. Shekarar da aka hana hawa babur a gari, sai ya rasa yadda zai riƙa kai wa masu huluna kayansu ranar Juma'a. Mutumin Maiduguri zai iya yafe maka abubuwa da dama, amma ba zai yafe maka ka sa shi zuwa masallacin Juma'a da hular da ba ita ya yi niyya ba. Madu ya fara kai su a ƙafa. Daga tafiya ya koma sauri, daga sauri ya koma sassarfa, har ya wayi gari yana rarraba hula goma sha biyar tsakanin Shehuri da Kasuwar Litinin kafin a yi kiran farko na sallar Juma'a, bai ko yi haki ba. Da Keke Napep suka cika gari bai koma hawa ba. Ya ce kafin a gama jiran fasinja na huɗu ya isa.

Wanda ya fara lura da abin shi ne Prince, wani Inyamuri mai sayar da takalman gwanjo a Kasuwar Litinin, wanda aka haifa a garin, kuma yake da hular zanna guda biyu da yake ji da su kamar 'ya'yansa. Wata Juma'a ya karɓi hularsa, ya dubi Madu, ya dubi agogo.

"Oga Madu, wannan gudun da kake zubarwa a banza, a Legas lambar yabo ake rataya wa mutum saboda shi. Gudun fanfalaki, kilomita arba'in da biyu."

"Wa ake rataya wa?"

"Duk wanda ya ƙarasa."

"Ko na ƙarshe?"

"Ko na ƙarshe."

 A rayuwarsa Madu bai taɓa zama na ɗaya a komai ba, kuma bai taɓa jin an ce ga wani wuri da ake karrama mutum don kawai bai tsaya ba. Shekara talatin yana gyara abin da wasu za su ɗora a kai a yaba musu. Abin ya shiga ransa fiye da yadda ya nuna. A fili dai cewa ya yi Prince ya duba masa takalmi lamba arba'in da huɗu.

Prince ya rubuta masa suna ta waya, ya zana masa jadawali a bayan kwalin takalmi: wata biyar, gudu sau biyar a mako, nisa yana ƙaruwa kaɗan kaɗan. Madu ya fara fita bayan sallar asuba. Ranar farko ya gane cewa a garin nan ba a ganin babban mutum yana gudu hannu rabbana a zauna lafiya. Mai shayi ya kife tukunyarsa, wasu mata biyu suka juya da gudu suka bi bayansa, ba wanda ya tsaya tambaya. Mutanen da suka ga abin da Maiduguri ta gani ba za a ce sun yi wauta ba. Daga ranar Madu ya koma fita da hula ɗaya a leda. Duk wanda ya hango shi sai ya ce Madu ne zai kai hula, ya ci gaba da abin da yake yi.

Wata uku komai yana tafiya daidai, sai gwiwar dama ta fara magana. Da fari ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, irin wanda mutum zai ce gajiya ce. Sannan ta koma suka idan zai tashi daga tsugune. Falmata ta gasa masa da ruwan zafi, ta shafa man zafi har idanun yaran gidan suka yi ja. Ya je wurin mai ɗori, mai ɗori ya latsa ya ce ba karaya ba targaɗe, amma tunda an zo bari ya ja, ya ja, Madu ya dawo gida da ɗingishi biyu maimakon ɗaya. Wanzami ya kafa ƙaho ya fitar da abin da ya kira mataccen jini. Gwiwar ta karɓi duk wannan hidima ta ci gaba da ciwonta.

Da ya rage saura mako takwas, Prince ya ce wasa ya ƙare, ya tura shi asibiti wurin wata mai duba ƙashi da jijiya, Ketura Pindar, 'yar kudancin Borno, gajeriyar mace mai tabarau wadda ba ta ɓata magana. Ta sa shi ya kwanta, ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙe ta, ta murɗa. Ta duba ƙasan takalminsa. Ta karanta bayan kwalin Prince ta ce wanda ya rubuta ya san abin da yake yi.

"Malam Madu, nisan bai yi yawa ba, takalmin ba laifi. Akwai abin da ba ka faɗa mini ba. Ba ni labarin gudunka tun daga ƙofar masallaci."

"Ina fitowa sai in gaida Liman."

"Kana gudu?"

Madu ya dube ta kamar ta tambaye shi ko yana cin abinci a makewayi.

"A'a, Likita. Liman ne fa."

"To yaya kake gaishe shi?"

Ya sauko daga gadon ya nuna mata. Gwiwar ta yi ƙas, ya cije leɓe. Ketura ta ajiye bironta.

"Bayan Liman sai wa?"

Ya shiga lissafi da yatsu. Akwai Baba Goni. Akwai mai unguwa. Akwai tsohon da ya koya masa sana'a, da ƙanin surukinsa, da dattawan da ke zama a gindin dalbejiya, waɗanda ba a haɗa su a gaisuwa ɗaya don akwai 'yar tsama a tsakaninsu. Yatsun hannu suka ƙare, ya ƙara ɗaya.

"Goma sha ɗaya ke nan," in ji Ketura. "A dawowa fa?"

"Ai suna nan ba su tashi ba."

"Kowace gaisuwa minti nawa?"

"Ya danganta da yawan iyalin mutum."

Ketura ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta ce a shekara goma sha huɗu da take wannan aiki ta ga 'yan ƙwallo, ta ga sojoji, ta ga masu dakon buhu, amma ba ta taɓa ganin wanda ladabi ya lalata wa gwiwa ba sai yau. Mutum ya taho a guje jiki da zafi, ya ci burki, ya nannaɗe gwiwa har ƙasa da dukan nauyinsa a kai, ya zauna a haka minti uku, ya zabura ya ci gaba, sau ashirin da biyu kowace safiya. Ta ce gwiwar ta yi haƙuri ma.

"Ga sharaɗina. Mako shida ba durƙuso, ba tsuguno, ba zama a ƙasa. Ka sa ƙanƙara safe da yamma, ka rage nisa, ka yi motsa jikin da zan nuna maka. In ka kiyaye, za ka je Legas. In ka durƙusa, ka manta da Legas, ka fara neman sanda."

"Ko sau ɗaya a rana?"

"Ko sau ɗaya a mako."

Wasu abubuwan sun zo da sauƙi. A rumfa ya ɗora bahon wanki a kan benci, ya koma aiki a tsaye. Ƙanƙara kuwa, Falmata ta riƙa sayo ledar ruwa mai daskarewa tana ɗaura masa da tsohon ɗankwali, in ta narke yara su shanye. Maganar salla ya kai wa Liman, Liman ya ce addini ya ba shi uzuri, ya yi a kan kujera. Aka ajiye masa farar kujerar roba a ƙarshen sahu, cikin tsofaffi huɗu da suka yi masa maraba da murna, suna tambayarsa ko shi ma sanyin ƙashi ne. Dattawa goma na kan hanya ma ba su hana shi barci ba. Wanda bai ga gaisuwarka ba yau zai yi gunaguni, gobe ya manta.

Baba Goni ne matsalar. Madu ya kwana biyu yana juya lamarin, ya bi kowace hanya ya ga a toshe take. Ya gaishe shi a tsaye, yana kallon tsakiyar kan mutumin da ya rene shi? Ko ɗan tasha ba zai yi ba. Ya je da kujerarsa ta roba ya zauna, shi a sama Goni a ƙasa, kamar alƙali da mai laifi? Wannan ya fi na farko muni. Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafar, tafin ƙafarsa yana kallon fuskar malami? Gara ma kada a haife shi. Kuma ko da za a yarda da hakan, sai ya lanƙwasa gwiwar kafin ya kai ƙasa.

Falmata ta gaji da ganinsa yana zaune da ɗankwali a gwiwa yana kallon bango.

"Baban Hindu, ka je ka faɗa masa mana. Ai kana da baki."

"A tsaye zan faɗa masa?"

"To ni in je in gaya wa Hajja Kaltum ta gaya masa."

Hajja Kaltum ita ce matar Goni, wadda ta yi wa Madu wanka yana yaro.

"Ina raye, ina gari, in aika mace ta gaida ubana? Kuma ki ce masa me? Madu ba zai iya durƙusa maka ba don yana so ya je Legas ya yi tsere da yara?"

Nan ne gaskiyar take, ko da yake sau ɗaya kawai ya faɗe ta. Da ciwo ne kurum, da ya je ko da jan ciki. Amma shi ya san gwiwar za ta iya durƙusawa. Shi ne ya zaɓi ya adana ta saboda wani abu da yake so wa kansa, kuma bai saba so wa kansa komai ba, balle ya san yadda ake faɗa.

Sai ya yi abin da ya fi kowanne muni, yana ganin ya samo mafita. Ya canza hanya. Yana idar da salla sai ya sulale ta ƙofar baya, ya bi lungu ya fita titin kwalta inda ba wanda ya san shi, ya yi gudunsa ya dawo ta inda ya fita. A lissafinsa, wanda bai zo ba bai yi rashin ladabi ba, tunda ba a gan shi a tsaye ba. Mako shida ne kawai, in ya cika sai ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri gaba ɗaya.

Abin haushin shi ne gwiwar ta fara sauƙi. Kwana goma, ya daina jin suka a matakala. Ketura ta latsa ta ce madalla, ya ci gaba da duk abin da yake yi. Prince ya ƙara masa kilomita uku. A unguwa kuwa an fara magana. Mai unguwa ya ce ya ji Madu ya samu kwangilar wankin hulunan 'yan siyasa, shi ya sa. Dattawan gindin dalbejiya, waɗanda suka shekara ba su yarda da juna a kan komai ba, suka haɗu a kan cewa takalmin ne ya sa masa girman kai. Daga gidan Goni ne kaɗai ba a ji komai ba. Ba aike, ba tambaya. Falmata ta dawo daga can wata rana ta ce Hajja Kaltum ta ce tsohon yanzu ba ya shiga gida da wuri, yana zaune a ƙofa har rana ta cim masa, kununsa yana hucewa a gefe. Madu ya ce zafi ne ya yi yawa a ɗaki, ya ci gaba da goge hular da ke hannunsa, wadda ya riga ya gama gogewa.

Akwai kuma abin da bai sa a lissafi ba. Goni yana da hula ɗaya da yake zuwa Juma'a da ita, fara mai aikin shuɗin zare. Kowace Alhamis, bayan gaisuwa, yakan ciro ta ya sa a hannun Madu, Juma'a da safe ta dawo a wanke, a tsaye, tana ƙamshin sitaci. Madu ya ɗauka cikin 'ya'yan gidan wani zai kai ta wata rumfar. Masu wankin hula ba su ƙare a Shehuri ba.

Juma'a ta uku, yana zaune a kujerarsa a ƙarshen sahu, mutanen gabansa suka ɗan gusa, sai ya hango sahun farko. Daga nisan sahu tara, mutum ba zai gane fuska ba, amma Madu zai gane hula. Bakinta ya yi zoben gumi ruwan ƙasa. Samanta ya lotsa ta gefe ɗaya. Shuɗin zaren ya dushe. Goni Yunus, mahaddacin da ake tasowa daga wasu garuruwa a ɗauki karatu a wurinsa, yana zaune a bayan Liman da hular da ko ɗan kamasho ba zai sa ba, kuma shi kaɗai ne a masallacin ba ya ganin yadda ta koma.

Madu bai ji huɗubar ba. Kunya ta rufe shi tun daga kai har gwiwar da yake lallaɓawa. Da yamma ya tambayi Falmata, ba tare da ya dube ta ba, ko gidan Goni an rasa mai kai hula wanki ne.

"Hajja ta ce sau uku tana cewa a kai. Ya ce mai wankinta yana nan da ransa."

 Madu ya kwance ɗankwalin daga gwiwarsa tun ƙanƙarar ba ta narke ba, ya ninke ya ajiye. Ya yanke shawara a ransa cewa gobe zai je ya durƙusa, Legas ta zauna inda take. Ya ji zafin hakan sosai, fiye da yadda ya zata, har ya kasa cin tuwo.

Asabar bayan asuba ya fito ta ƙofar gaba. Bai sa takalmin gudu ba, silifa ya sa. Goni yana inda yake, a kan buzu, kwanon kunu a rufe a gefensa. Kwana goma sha tara kawai, amma Madu ya ga kamar tsohon ya ragu. Ya cire silifa daga nesa, ya matso. Ya yi niyyar sauka kai tsaye, sai jikin ya tsaya masa, kamar yadda mutum yake tsayawa a bakin ruwan sanyi. Gaisuwar ta riga shi fita.

"Wushe, Baba Goni."

Carbin ya tsaya. Tsohon ya ɗaga fuska, ya karkata kunne.

"Madu ne?"

"Ni ne, Allah gafarta."

"Muryarka daga sama take zuwa."

Nan Madu ya faɗi komai, a tsaye, kansa a ƙasa, hannayensa a bayansa. Ya faɗi gwiwar, da likitar, da mako shida, da lungun da yake bi. Bai ɓoye Legas ba. Goni ya saurara har ƙarshe.

"A Legas ɗin wa zai kore ka?"

"Ba kowa."

"In ka isa me za ka tarar?"

"Wani ƙarfe ne ake rataya wa mutum a wuya."

"Na zinariya?"

"A'a. Ƙarfe ne dai."

Goni ya ja carbi ɗaya, biyu, uku.

"Kuma kana so."

Madu ya ɗago kansa.

"Ina so, Baba. Amma na fasa."

Ya dafa cinya ya fara sauka. Tsohon ya ji motsin rigarsa.

"Kai! Tsaya nan. Wa ya ce ka fasa? Na kai ka karatu ba ka ce kana so ba. Na kai ka wankin hula ba ka ce kana so ba. Na yi maka aure, sai a bakin Kaltum na ji wai ka yi murna. Yau ka buɗi baki ka ce kana son abu, sai ka zo ka karya shi a ƙofar gidana, a ce ni ne? Miƙo hannu."

Madu ya miƙa, yana zaton hular za a ba shi. Goni ya kama wuyan hannun da hannu biyu.

"Ja."

"Baba..."

"Ka ce ba za ka iya saukowa ba. To ni zan hau. Ja, kar ka sunkuya."

Madu ya ja. Tashin ya ɗauki lokaci. Mutumin da ya haura tamanin da biyar, wanda ya yi rayuwarsa a kan buzu, ba ya miƙewa a taki ɗaya. Gwiwa ɗaya ta yi ƙara, ɗayar ta amsa, carbin ya faɗi, tsohon ya kira sunan Allah sau biyu, ya dafa bango, ya saki. Madu ya tsorata da rashin nauyinsa. Dattawan gindin dalbejiya suka zuba ido suna kallo, mai shayi ya tsaya da ludayi a hannu. Goni ya daidaita tsayuwarsa, ya gyara hular nan mai zoben gumi, ya numfasa.

"To. Gaishe ni."

Suka yi ta a tsaye, tun daga farko. Gida, yara, gajiya, zafi, kasuwa. Goni bai rage ko ɗaya ba, har ya ƙara da tambayar gwiwa, duk da ƙafafunsa suna rawa kuma yana riƙe da rigar Madu da hannun hagu. 

Da aka zo sa albarka, tsohon ya miƙa hannun dama ƙasa, inda ya saba, ya tarar da iska. Ya ɗago shi ya sami ciki. Ya hau ƙirji, ya hau kafaɗa, ya tsaya ya huta, ya bi wuya, ya shafi kumatu ya ji su a jiƙe, ya wuce. Sai da ya yi ɗage kafin tafin hannun ya kai tsakiyar kai.

"Ashe dogo ne kai," in ji Goni.

Ya yi addu'arsa, ya tofa, ya sauke hannu yana haki.

"Zaunar da ni. Gobe ka zo da wuri, tashin nan yana cin lokaci."